Injin jijjiga jiki: zai dawo wa tsoho da ƙarfin ƙafarsa, ko asarar kuɗi ce?

Idan aka tsayar da tsohuwar da ƙafa ta fara gaza mata a kan wani faranti mai jijjiga, minti goma kullum, ƙarfinta zai dawo har ta daina tangaɗi? Wannan tambayar ce ta raba kan gidanmu kwanan baya. Goggonmu, yayar mahaifinmu da ke zaune a Jekadafari cikin garin Gombe, ta zame a bakin banɗaki da asuba za ta yi alwala. Allah ya taƙaita, babu karaya, targaɗe ne a wuyan hannu. Kafin azahar ƙaninmu da ke aiki a Abuja ya turo bidiyon wata dattijuwa tana tsaye a kan injin, jikinta na rawa tana murmushi, mai talla yana cewa minti goma a kansa ya fi tafiyar awa guda. Ya ce a saya wa Goggo, shi zai biya.

Hamma, babban yayanmu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyarin tirela, bai bari an kai ƙarshen bidiyon ba. Ya ce: "Jijjigar da ta gama da bayana a hanya ita ce za ku sa kuɗi ku saya wa Goggo? Ku kawo ta in ɗora ta a bayan Keke Napep mu zagaya Bolari, kyauta ne." Aka yi dariya, amma maganar ba ta mutu ba, domin irin wannan bidiyo yana yawo a Facebook da TikTok, kuma injin ya fara bayyana a wuraren motsa jiki da shagunan kayan asibiti. Kowanne cikin su biyun yana da ɗan gaskiyarsa, kuma kowanne ya kauce wa ainihin wurin da matsalar take.

Mene ne wannan injin?

Faranti ne mai faɗi kamar babban sikeli, da ɗan injin lantarki a ƙarƙashinsa. Mutum ya hau ya tsaya, farantin ya riƙa motsi da sauri sosai amma da ɗan tazara kaɗan. Ana auna shi da abu biyu: sau nawa yake motsi a sakan ɗaya, da kuma nisan da yake yi a kowane motsi. Galibin waɗanda ake motsa jiki da su suna yin tsakanin sau 15 zuwa 50 a sakan, nisan kuwa milimita kaɗan ne, wani bai kai kaurin ƙwayar gero biyu ba.

Ba iri ɗaya ba ne duka, kuma a nan ruɗanin yake farawa. Akwai wanda dukan farantin ke hawa da sauka lokaci guda, kamar Power Plate. Akwai mai lilo, ɓangaren dama ya ɗaga na hagu ya sauka, yana kwaikwayon yadda ƙugu ke karkata lokacin tafiya. Shahararre a wannan layin shi ne Galileo na Jamus. Sai na uku, mai jijjiga siririya da kyar ake ganinta, kamar rawar da ake ji a ƙasa idan janareto na aiki a ɗakin maƙwabci. Wannan na ukun don ƙashi aka ƙirƙiro shi. Clinton Rubin na jami'ar Stony Brook a Amurka ya gwada irinsa a kan tumaki, minti 20 a rana har shekara guda, aka ga ƙashin cinyarsu ya ƙara cika, aka buga sakamakon a 2001. Mai talla zai ɗauko sakamakon wannan ya liƙa wa wancan, alhali tazarar ƙarfin da ke tsakaninsu ta fi ta jaki da tirela.

Me jijjigar take yi wa jiki?

A cikin kowace tsoka akwai wasu ƙananan 'yan tsaro da aikinsu shi ne su ji idan an ja tsokar. Da sun ji, sai su aika saƙo ga laka, laka ta mayar da umarni cewa tsoka ta ɗame. Ba a jiran ƙwaƙwalwa ta yi shawara. Abin da likita ke gwadawa ke nan idan ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa ƙafa ta yi tsalle da kanta. Jijjiga tana taɓa waɗannan 'yan tsaro sau da yawa a jere, don haka tsokar cinya da ta sha-raɓa su yi ta ɗamewa ba tare da mai su ya yi niyya ba. Masana biyu 'yan Suwidin, Hagbarth da Eklund, su suka bayyana wannan a 1966. Wato tushen abin ba tatsuniya ba ne. Duk wanda ya tsaya a kan injin gwiwa a ɗan lanƙwashe na minti ɗaya zai sauko yana jin cinyarsa ta yi aiki.

Tunanin ma ya girmi wannan binciken. A ƙarshen ƙarni na 19, babban likitan jijiyoyi na Faransa, Jean-Martin Charcot, ya lura masu cutar karkarwa suna samun sauƙi bayan doguwar tafiya a jirgin ƙasa ko keken doki, sai ya sa aka ƙera musu kujera mai girgiza. John Harvey Kellogg a Amurka shi ma yana da tasa kujerar. Kowane zamani da irin rigar da ake sa wa wannan tunani. Tamu rigar bidiyon waya ce.

Sai dai tsokar da ta ɗame don an girgiza ta daban, tsohon da ya iya tare kansa lokacin da ƙafarsa ta ci karo da dokin ƙofa daban. Tsayuwa ba aikin tsoka kaɗai ba ne. Ido yana ciki, cikin kunne yana ciki, jin da tafin ƙafa ke yi yana ciki, sannan ƙwaƙwalwa ta haɗa su duka ta yanke hukunci cikin ƙiftawa. Injin yana taɓa biyu daga ciki, tsoka da jin tafin ƙafa. Mai yanar ido ko mai hajijiya, ko shekara zai yi a kansa, idonsa da kunnensa suna nan yadda suke.

Tsufa daban, rauni daban

Mukan ce "tsufa ne" mu rufe magana. Amma kowa ya san dattijo ɗan shekara 80 da ke tafiya gonarsa a Kwami da ƙafa, ya kuma san ɗan 68 da sai an kama shi yake tashi daga tabarma. Likitocin tsofaffi suna da ma'auni na wannan bambanci. Linda Fried da abokan aikinta a Amurka sun fitar da alamomi biyar a 2001: ramewa ba da niyya ba, kimanin kilo huɗu da rabi a shekara, yawan jin gajiya, raunin damƙar hannu, jinkirin tafiya, da ƙarancin motsi. Mai uku daga cikin biyar shi ne mai rauni. Mai ɗaya ko biyu yana bakin hanya, kuma shi ne aka fi saurin dawo da shi.

Ƙarƙashin wannan duka akwai zubewar tsoka. Tun daga shekara 30 jiki ke fara rage tsoka a hankali, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara gudu. Abin da ya fi shekaru saurin cinye ta shi ne kwanciya. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya kwana 10 kacal a gado, suka rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Kwana goma. Ka tuna sau nawa zazzaɓin cizon sauro ko taifot ke kwantar da tsohuwa mako biyu, ta warke daga zazzaɓin amma ta tashi da ƙafar da ba tata ba, mu ce ai jikin girma ne.

A nan zan taɓa mu kanmu, 'ya'ya da jikoki. Ladabinmu ga iyaye abin alfahari ne, amma wani lokaci shi ke kwantar da su. "Goggo ki zauna, a kawo miki." "Baffa ka bar butar, yaro zai ɗauko." Tun ranar da Goggo ta zame aka hana ta shara, aka hana ta leƙa maƙwabta, aka ajiye mata jika a bakin ƙofa kamar dogari. Ita ma tsoro ya shige ta, ta koma sallah a zaune. Addini ya yi wannan rangwamen ga wanda ba zai iya ba, babu mai ja da shi. Amma a lissafa: raka'a 17 na farilla a yini, kowacce da tsayuwa da ruku'u da sauka ƙasa da tasowa, ban da nafila, ban da tafiya masallaci ga maza. Aikin ƙafa ne babba da jiki ya saba da shi shekara sittin. Ranar da ya tsaya ba a maye gurbinsa da komai ba, cinya za ta fara sauka, tsoron faɗuwa ya jawo zama, zama ya jawo rauni, rauni ya jawo faɗuwar da ake tsoro.

Faɗuwar kuwa ba abin wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma waɗanda suka haura 60 su suka fi yawa. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka wuce 65 yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Wadda aka fi tsoro ita ce karayar ƙashin ƙugu, domin ba irin wadda maɗori zai ɗaure da karare a tashi ba ce. Galibi aiki take buƙata, kuma tsofaffi da yawa ba sa komawa tafiya yadda suke.

Da aka gwada, me aka gani?

An gwada, kuma ba sau ɗaya ba. Labarin ne bai zo a miƙe ba.

Gwaje-gwajen farko sun ba da fata. A Beljiyam a 2005 an buga sakamako biyu daga gidajen kula da tsofaffi, ɗaya da mutum 42, ɗaya da 24, kowanne na mako shida. Waɗanda suka hau injin sun fi 'yan uwansu a gwajin tashi daga kujera da tafiya da daidaita tsayuwa. Muhimmin abin da suka nuna shi ne tsofaffi masu rauni suna iya jurewa, kuma suna dawowa su sake hawa, abin da ba kullum ake samu da sauran motsa jiki ba. Amma mutum 24 ba jama'a ba ne, mako shida kuma ba shekara ba ce.

Mafi girma shi ne na Hong Kong da aka buga a 2014: mata 710 masu shekara 60 zuwa sama, wata 18, minti 20 a rana, kwana biyar a mako, a kan injin nan mai siririyar jijjiga. Cikin waɗanda suka hau, kusan 19 cikin 100 ne suka faɗi. Cikin waɗanda ba su hau ba, kusan 29. Wannan bambanci ne na gaske, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan injin ke da ita. Sai dai a duba su waye matan: masu tafiya da ƙafarsu ne, suna fita daga gida su je cibiyar unguwa kusan kullum. An kuma gwada su ne da waɗanda ba a ba su komai ba.

To idan aka gwada injin da motsa jiki na yau da kullum fa? An yi wannan a Sifaniya, aka buga a 2015. Tsofaffi 159 a gidajen kula da su, aka raba biyu: duka suna yin motsa ƙafa iri ɗaya, rabi a kan faranti mai jijjiga, rabi a ƙasa. Bayan mako shida, jijjigar ba ta ƙara wani abin a zo a gani ba a kan abin da motsa jikin ya bayar. A ganina wannan ne gwajin da ya kamata mai shirin sayen injin ya fi riƙewa, domin ya tona wani abu: wanda ke kan farantin yana tsaye ne gwiwa a lanƙwashe, yana tsugunno rabi-rabi, ana kula da shi, sau uku a mako. Ko an kashe wutar injin, wannan kansa motsa jiki ne.

Batun ƙashi ya fi rauni. Wani gwaji a Beljiyam a 2004 ya ga ƙashin ƙugu ya ɗan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin ɗari bayan wata shida. Amma a Toronto ta Kanada, an yi gwajin shekara guda da mata 202, wasu a kan injin wasu ba su hau ba, aka buga a 2011 cewa babu bambanci a ƙashinsu. Abin da ya yi wa tumaki bai yi wa mutane haka ba. Narkar da tumbi, warkar da ciwon suga, tayar da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, "wanke jini": waɗannan kuma zancen kasuwa ne.

In an tattara, injin yakan ɗan ƙara ƙarfin ƙafa da saurin tashi da daidaiton tsayuwa idan aka gwada shi da zaman banza, kuma waɗanda suka fi rauni su suka fi nuna canji. Idan aka gwada shi da motsa jiki mai kyau, bai wuce shi ba. Kuma kamar kowane motsa jiki, an daina, amfanin ya fara zubewa.

To maganar Hamma fa?

Ciwon bayan Hamma ba ƙarya ba ne. Jijjigar wurin aiki sananniyar cuta ce: direbobin manyan motoci, masu tarakta, masu tuƙa katafila sun fi sauran mutane fama da ciwon ƙasan baya. Har ƙa'idar aunawa ta duniya ake da ita, Tarayyar Turai kuma ta kafa doka a 2002 da ta iyakance jijjigar da ma'aikaci zai sha a awa takwas.

Bambancin yana wurin yawa da kuma yanayin zama. Direba yana zaune ne, jijjigar tana shiga kai tsaye daga mazaunai zuwa ƙashin baya, awa goma a rana, shekara ashirin, ga ramukan hanya da ke dukansa ba shiri. Mai hawa faranti yana tsaye, gwiwarsa a lanƙwashe tana shanye yawancin girgizar kafin ta kai baya da kai, kuma minti ɗaya ake yi a huta minti ɗaya, duka-duka 'yan mintuna. Gishirin miya da buhun gishiri ba ɗaya ba ne.

Amma tsoron nasa yana da gurbi. An auna wasu injinan motsa jikin aka tarar ƙarfin da suke fitarwa ya zarce abin da waccan ƙa'idar ta ɗauka lafiya ko na ɗan lokaci. Wanda ya tsaya gwiwa a miƙe zai ji haƙoransa na haɗuwa, idonsa na rawa. Alamar girgizar ta kai kai ke nan. Injinan arha da ake odarsu ta intanet kuma lambar da ke kan allonsu, daga 1 zuwa 99, ba ma'aunin komai ba ce da za ka iya gwadawa da abin da aka yi amfani da shi a asibiti. Tsohuwa mai zaizayayyen ƙashi a kan injin da ba a san ƙarfinsa ba, jika ɗan shekara goma yana danna maɓalli don ya ga ta yi rawa, garin neman ƙiba ne a samo rama.

Wanda bai kamata ya hau ba

Wanda ya karye kwanan nan ko aka yi masa aiki, musamman wanda aka sa wa ƙarfe a ƙugu ko gwiwa. Mai gudan jini a jijiyar ƙafa, wanda alamarsa ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Jijjiga na iya ɓalle gudan ya tafi huhu. Mai batirin zuciya ko ciwon zuciya mai tsanani, mai farfaɗiya, mai tsakuwar ƙoda ko ta matsarmama, mai gwaiwa, mai matsalar bayan ido ko wanda aka yi wa aikin ido bai daɗe ba, mai gyambon ciwon suga a ƙafa, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai jiri. Karanta jerin nan ka tuna tsofaffin gidanku, za ka ga da wuya a rasa ɗaya a jikin wanda ake son saya wa injin. Shi ya sa hukuncin hawa ba na mai shago ba ne. Na likita ne da likitan fisiyo, wato na gashin ƙashi, kuma akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, haka ma a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi.

Zuwa asibitin yana da wata riba da ta fi injin. Sau da yawa abin da ke kayar da tsoho yana cikin ledar magungunansa: maganin hawan jini da ya yi masa yawa, ya miƙe tsaye jini ya sauka ya ga duhu, maganin barci, maganin suga da aka sha ba a ci abinci ba. Wani kuma tabarau kawai yake buƙata, ko a cire masa yana.

Abin da ya fi injin hujja, kuma ba ya cin wuta

A 1990 Maria Fiatarone ta buga sakamakon wani ƙaramin gwaji a Boston da ya canza tunanin likitoci. Ta ɗauki tsofaffi goma masu rauni, 'yan wajen shekara 90, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako takwas. Ƙarfin cinyarsu ya ninka fiye da biyu. Tsoka ba ta yin ritaya. Ko a 90 idan aka ba ta aiki tana amsawa.

Daga Niyu Zilan kuma aka samu tsarin Otago, wanda Campbell da Robertson suka tsara don a yi a gida: tashi da zama daga kujera, ɗaga dunduniya, tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango, tafiya a kan layi dunduniya na taɓa yatsa, tafiya gefe-gefe da baya-baya, sau uku a mako, da ɗan tattaki. Ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin ɗari, kuma ya fi amfani ga waɗanda suka haura 80. Babban nazarin da ya tattara gwaje-gwaje fiye da 100 a 2019 ya samu motsa jiki yana rage yawan faɗuwa da kusan kashi 23 cikin ɗari. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga tsofaffi ita ce motsa jiki mai haɗa ƙarfi da daidaiton tsayuwa aƙalla kwana uku a mako. Yawancin waɗannan motsin ba sa buƙatar abin da ya wuce kujera mai ƙarfi, bango, da mutum ɗaya mai haƙuri.

Sai abinci, wanda muke mantawa da shi. Tsohon da haƙora suka zube yakan koma koko da kunu da shayi, tsoka kuwa ba ta ginuwa da ruwan gero. Alale, ƙosai, awara, dafaffen ƙwai, kindirmo, kifin Dadin Kowa da aka cire wa ƙaya, duk masu laushi ne kuma suna gina jiki.

Ina injin ya shigo ke nan? Gurbinsa ƙarami ne amma na gaske: tsohon da ya yi raunin da ba zai iya tashi da zama sau biyar ba, wanda numfashinsa ke ƙarewa da 'yar tafiya, amma zai iya tsayawa ya riƙe ƙarfe na sakan 30. Ga irin wannan, farantin tsani ne na hawa zuwa motsa jiki na sosai. Wurinsa sashen fisiyo ne, inda injin ɗaya mai inganci zai yi wa mutum ashirin aiki a rana ƙarƙashin idon wanda ya san aikin, ba tsakar gidan kowa ba.

Lissafin gida

Wanda duk da haka ya ƙudurta saye, akwai tambayoyin da mai shago zai amsa kafin a ƙirga kuɗi. Yana da abin riƙewa mai ƙarfi? Yawancin masu arha faranti ne tsirara, kuma tsohuwa mai tangaɗi a kan faranti mai rawa babu madafa, an kawo faɗuwar har gida. An rubuta sau nawa yake motsi a sakan da nisan motsin? Idan ya lalace wa zai gyara a Gombe? Ga wuta: amfanin da aka gani a Hong Kong na kwana biyar ne a mako har shekara ɗaya da rabi, ba na ranar da aka kawo wuta ba. Sannan wa zai tsaya a gefenta kowane lokaci? Idan akwai wannan mutumin, to an riga an samu abu mafi tsada a cikin maganin, kuma zai iya yin Otago da ita ba tare da injin ba. Idan babu shi, injin zai ƙare a bayan ƙofa ana shanya darduma a kansa.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi da agogon waya. A zaunar da tsoho a kujera mai hannu, a auna mita uku a ƙasa. Ya tashi, ya je, ya juyo, ya dawo ya zauna, da sandarsa in yana riƙe sanda, wani na tafe a gefensa. Sakan 12 ko fiye alama ce ta haɗarin faɗuwa. A rubuta lambar, a sake bayan wata biyu. Ko injin aka saya ko kujera aka yi amfani da ita, wannan lambar ce za ta faɗi gaskiya, ba murmushin matar cikin bidiyo ba.

A gidanmu an kai Goggo asibiti. Likita ya rage mata ɗaya daga magungunan hawan jini, likitan fisiyo ya koya wa jikarta motsi biyar. Kuɗin ƙaninmu ya tafi wurin birkila da mai walda: an kankare tayil mai santsi na bakin banɗaki, an kafa ƙarfen riƙewa a bango, an sa fitilar sola a hanyar da take bi da asuba. Dogarin bakin ƙofa an sallame shi, tsintsiyarta ta dawo hannunta. Ranar da aka fara tashi da zama, ta yi huɗu ta tsaya tana haki, ta dubi Hamma ta ce: "Kai da bakinka ya fi na kowa, zo ka yi goma in gani." Ya yi bakwai ya dafe baya.